Naman Akuya a Tsakiyar Ruwa

Safara'u na tsugune tana kankare ƙanzon tukunya da cokali, sai ga Humaira ta faɗo gidan, ita a gaba sallamarta a baya. Kasko ne a hannunta, ta riƙo shi da tsumma, yana ta tururi.

"Yaya, don Allah shinshina min wannan."

"Da wane hancin? Kwana uku ke nan mura ta toshe shi. Ko daddawa kika kawo min ba zan ji ba."

Humaira maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su. Samosa take soyawa tana kaiwa ƙofar makarantar sakandare lokacin tara, in ɗalibai sun fito cin abinci. Ta dire kaskon a gaban Safara'u, ta juya niƙaƙƙen naman da ke ciki da ludayi.

"To duba da ido. Shekara nawa ina soya naman akuya? Wannan ba shi ba ne. Dubi launinsa, dubi yadda kitsen ya narke. Saniya ce wannan, ko makaho ya sani. Na ce wa Bature mahauci akuya zai niƙa min, kina tsaye, kin ji da kunnenki. A firjin mai kemis ya kwana, ban buɗe shi ba sai yanzu. Tsufa ya fara kama mutumin nan, wallahi."

Safara'u ta leƙa kaskon. Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta tuna jiya.

Jiya ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki ce, tare suka je. Gaban teburin Bature mahauci suka tsaya su biyu. Nata aka fara niƙawa, tsokar saniya, bayan ta sa ya kwance bakin injin ya wanke, ya kuma tura albasa biyu ta ciki, kamar yadda take sa shi yi kowane mako yana mita. Bayan nan ne aka niƙa na Humaira. Leda baƙa, leda baƙa. A mota an matse su, Humaira ta karɓi ledar Safara'u ta haɗa da tata a kwandonta. A ƙofar gida ta zura hannu ta miƙo mata guda ɗaya, suna cikin zancen wani biki, ba wadda ta duba.

Cokalin ya suɓuce ya faɗa cikin tukunyar.

"Humaira," ta ce a hankali, "wannan nawa ne."

"Naki kamar yaya?"

"Nawa ne. Naki yana..." Ta juya ta kalli ƙusar da ke jikin bangon ɗakin girki, inda kular abincin maigidanta, Malam Salisu masunci, take rataye kullum. Ƙusa ce kawai.

Humaira ta bi idonta da kallo. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Malam ya tafi ruwa?"

"Tun da aka idar da asuba."

Duk garin ba wanda bai san Malam Salisu ba ya cin naman akuya ba. Ranar suna ko biki sai an tambaya kafin a zuba masa. Farfaɗiya ya yi fama da ita tun yana saurayi, takan ɗauke shi ba sallama, a gona, a masallaci, a kan hanya. Ta ƙarshe a bakin dam ta kama shi, yana jan kwalekwalensa. Ya faɗi da fuska a kan gefen jirgin, turamen haƙoransa na gefe guda suka zube, ya nutse a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Ƙarti huɗu ne suka ciro shi. Safara'u ta ga yadda aka kifa shi ana matse masa ciki.

Bayan nan ne 'yan uwansa suka kai shi wurin wani tsoho mai magani a Doguwa, can gindin duwatsu. Tsohon ya ba da saiwoyi, ya kuma ɗaga yatsa ɗaya. Naman akuya, ya ce, shi ke tayar da tsohuwar cuta. Ya bar shi har abada, ko romonsa. Ranar da ya shiga cikinsa, abin da ya yi barci zai farka. A watan ne kuma asibiti suka ɗora shi a kan wata farar ƙwaya, safe da yamma. Shekara tara ke nan bai faɗi ba. Ko ƙwayar ce ta riƙe shi, ko barin akuyar ne, Allah kaɗai ya sani. Safara'u dai ba ta saki ko ɗaya ba. Ƙwayar da hannunta take ba shi. Akuyoyinta uku ta sayar ta koma tumaki. Da yake ba ya iya tauna tsoka, duk ranar kasuwa takan niƙo masa saniya ta soya masa, ya tafi da ita ruwa.

Jiya da la'asar ta yi masa suyar da ta fi kowace. Ta zuba naman a tukunya ba ruwa, ta bar shi ya tsotse kansa, tana murje shi da bayan ludayi don kada ya dunƙule. Ta daka citta da tafarnuwa da masoro da kimba, ta yanka albasa uku da attaruhu. Saboda ba ta jin ƙamshi sai ta yi ta ƙarawa, tana ganin kamar bai ji ba. Ta ɗanɗana, gishiri kawai ta ji da yaji. Da asuba ta ɗumama, ta tsaga gurasa biyu ta cusa shi ciki, ta rufe kula. Har ya tsaya a zaure ya ce, "Yau kular da nauyi." Ta ce masa, "Ka cinye, kada ka dawo min da saura."

Ita ta faɗa masa haka, da bakinta.

"Kira shi," in ji Humaira. "Yaya, kira shi mana!"

Safara'u ta ɗauko wayarta ta latsa lambar. Wayar ta shiga. Sai suka ji ƙararta daga cikin ɗaki, ƙarƙashin filo. Tun da ruwa ya cinye masa waya biyu ya daina fita da ita. Ta nemi lambar ƙaninsa Sagir, shi ma masunci ne. Aka ce a kashe take.

"Ƙarfe nawa yake ci?"

"In rana ta fara zafi. In ya gama duba ƙugiyoyinsa."

Su duka biyu suka ɗaga kai. Rana ta riga ta hau kan katanga.

"Ki kwantar da hankalinki," Humaira ta ce, muryarta ba ta kama da ta mai kwanciyar hankali ba. "Ba ke kika ce min ma'aikaciyar asibitin nan ta ce camfi ne ba? Ta ce muddin yana shan ƙwayarsa..."

"Ita ta taɓa ganinsa yana shure-shure a cikin ruwa?"

Safara'u ta zari hijabi daga kan igiya, ta saka a baibai, ba ta tsaya gyarawa ba. Takalmi ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya na banɗaki.

A bakin titi ta sami Jamilu ɗan acaɓa yana goge babur a inuwar dalbejiya.

"Bakin dam, Jamilu. Wajen masunta. Ka yi sauri don girman Allah."

"Baba, yau da kanki za a sayo kifin? Gidan masunci guda?"

Ta haye babur kawai. Ya waiwaya ya ga fuskarta, sai ya tayar da babur.

Hanyar ta bi ta tsakiyar gonakin rani, tumatir a dama, masara a hagu, injinan ban ruwa na ta ƙugi a bakin kwata. Ta san hanyar, amma yau sai ta ga an ƙara mata tsawo. A wata kwana garken shanu ya tare su, wata Bafulatana da ƙwarya a ka tana kora su ba gaggawa. Jamilu ya yi ta danna oda. Safara'u ta ƙirga su suna wucewa, ba don tana so ba, bakinta ne ya kama ƙirga. Ashirin da shida.

Tana so ta yi addu'a, sai zuciyarta ta riƙa kawo mata wasu abubuwa. Ta ga yadda idonsa yake kafewa kafin ta zo, yadda yatsunsa suke fara murɗewa kamar mai neman wani abu a aljihu. A ƙasa, mutum ya faɗi ya tashi. A kwalekwale ina zai faɗa? Ta kuma ji muryoyin matan gari a zaman makoki, ƙasa-ƙasa, a bayan mayafi. Shekara tara yana lafiya. Wa ya ba shi? Ai da hannunta ta dafa masa. Ta ji kunyar kanta, da ta iya tunanin bakin mutane alhali mijinta yana can a kan ruwa. Ta ce astagfirullah, ta ƙara ƙanƙame ƙarfen babur.

Bakin dam ya cika da hayaƙin banda. Masu sarin kifi sun zauna a kan robobi suna jiran jirage. Can gefe ta hango Sagir zaune a bakin jirginsa mai inji, ya baje koma a cinya yana ɗinke ɓaraka. Shi ne ke bin Malam Salisu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ranar da aka kawo ta gidan bai taɓa barinta ta huta da tsokana ba.

"A'a! Matar yaya da kanta! Wa ya mutu?" Ya washe baki. "Ko an gaya miki Yaya yana zance da mai tallar fura ne kika biyo sawu? Dubi takalmanki don Allah."

Ta matsa kusa da shi sosai, don kada masu sari su ji.

"Sagir, naman da na ba yayanka yau na akuya ne."

Dariyar ta daɗe a fuskarsa bayan ta mutu a idonsa. Ya ajiye allurar saƙa.

"Wane irin akuya?"

"Leda aka musanya. Ban sani ba sai yanzu. Yana cikin kularsa."

Ya ture komar, ya ɗauko galan ya tuttula mai a tankin inji, rabi yana zuba a ƙasa. Ya tura jirgin cikin ruwa.

"Ki zauna a nan. Zan dawo da shi."

"Tare za mu."

"Ke? Ke da ko wanki ba kya zuwa bakin ruwa?"

Gaskiyarsa ne. A sabon gari aka haife ta, bayan dam ɗin Tiga ya cinye tsohon, amma da labarin ta tashi. Mahaifiyarta takan ce kakanninsu suna kwance a ƙarƙashin ruwan nan, ba ta ga dalilin da mutum zai je ya yi yawo a saman kabarinsu ba. Shekara ashirin da shida tana auren masunci, ƙafarta ba ta taɓa taka jirgi ba.

Ta tattare zaninta, ta shiga ruwan har ƙauri, ta kama gefen jirgin. Ya yi tangaɗi. Sagir ya riƙo hannun hijabinta ya zaunar da ita a tsakiya.

"Riƙe katakon nan da hannu biyu. Kada ki kalli ƙasa."

Sau uku ya ja igiyar injin kafin ya kama.

Ba ta san ruwan yana da faɗi haka ba. Daga gaɓa kana ganin ƙarshensa, amma da suka shiga sai ƙarshen ya yi ta ja da baya. Iska na dukan fuskarta, hancinta na zuba, ba hannun da za ta share.

"Ina yake zuba ƙugiya?" ta ɗaga murya.

"Gonar Baba! Kullum can ne!"

Haka masuntan garin suke kiran wurare a cikin dam, da sunayen abin da ke ƙasa. Akwai Bayan Masallaci, akwai Rijiyar Liman, akwai Kasuwa. Ba abin da ido ke gani sai ruwa, amma tsofaffi sun nuna wa 'ya'yansu da saitin duwatsu da kan busassun itatuwa, su kuma suka riƙe. Malam Salisu yana da shekara huɗu aka taso su. Ya ce bai tuna komai ba sai wata tsamiya. Duk da haka saman gonar ubansa yake kamun kifi, ya ce ko ba komai gado ne.

A Bayan Masallaci suka ci karo da wani dattijo, Malam Abdulmumini, yana tattara koma shi kaɗai. Sagir ya rage gudu, ya gaishe shi a gurguje.

"Baba, ka ga Yaya Salisu?"

"Na gan shi mana. Da hantsi na wuce ta gefensa, ya buɗe kula yana kai loma. Har ya yi min tayi, na ce na gode, na karya." Ya ƙura wa Safara'u ido, mace a jirgi da hijabi a baibai. "Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba," in ji Sagir, ya murɗe inji.

To ya ci ke nan. Duk hanya tana riƙe da wani ɗan siririn fata, ko kifi ya yi yawa ya shagala, ko ya manta kular a gaɓa. Yanzu wannan ya tsinke. Ta dubi rana. Daga hantsi zuwa yanzu an fi awa biyu.

Suka wuce kan wata busasshiyar bishiya da ya leƙo daga ruwa, farare-fararen tsuntsaye sun jeru a kai. Sagir ya miƙe tsaye, ya kare ido da tafin hannu. Ya duba dama, ya duba hagu. Gorunan ƙugiyoyin Malam Salisu suna nan suna lilo a jere. Jirgi babu.

"Nan ne Gonar Baba," ya ce, ba ita yake gaya wa ba.

Ita ta fara hango shi. Can yamma, inda iska ke tura komai, wani baƙin abu siriri yana juyawa a hankali a kan ruwa. Ta nuna da haɓa, don ba za ta iya sakin katakon ba.

Suna matsawa ta gane shi. Kwalekwalensa ne, ga facin kwano da ya buga a goshinsa bara. Ba kowa a zaune a ciki. Ba kai, ba kafaɗa, ba filafili a sama. Yana ta juyi shi kaɗai, kamar ƙwaryar da aka saki a tafki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Sagir ya faɗa. Ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni. Ruwa kawai ke lasar katako.

Safara'u ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Abin da ta ji shi ne sanyi, daga tafin ƙafa yana hawa. Ta sami kanta tana kallon ruwan da aka hana ta kallo, kore-kore, ba a ganin komai bayan kamu ɗaya. Nan ƙasa akwai tsamiyar da ya ce ya tuna.

Sagir ya ɗauki filafili yana tuƙawa a hankali, kamar ba ya so su isa. "Yaya!" ya kira, muryarsa ta fashe. "Yaya Salisu!"

Sai suka ga ƙafa. Tafin ƙafa biyu, masu kaushi, a cikin jirgin.

Yana kwance a ƙasan kwalekwalen ta gefensa na dama, gwiwoyi a lanƙwashe. Ya kwashe ruwan cikin jirgin tas, ya tura kifayen can wajen ƙafa. Ya naɗe rigarsa ya yi matashi, hula a kan fuska. Igiyar koma ta zagaye ƙugunsa sau uku, an ɗaure ta tamau a katakon zama, gaba da baya.

Jirgin Sagir ya gogi nasa. Hannu ya ɗago a hankali ya janye hular. Malam Salisu ya ƙifta ido a cikin hasken rana. Ya kalli ƙaninsa. Ya kalli matarsa. Ya sake kallonta.

"Safara'u? Ke ce a jirgi?"

Sagir ya zauna daɓas, ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa na girgiza, ba a san kuka yake ko dariya ba.

"Malam," ta ce. Kalmar kaɗai ta fito. Ta sake gwadawa. "Ta zo?"

"Ba ta zo ba. Ina nan ina jiranta tun hantsi."

"Ka sani ke nan."

"A loma ta uku." Ya yunƙura ya tashi zaune iya inda igiyar ta bar shi. Fuskarsa ta yi fari, leɓɓansa sun bushe. "Ta farko yaji na ji. Ta biyu na ce yau Safara'u ta yi abin kirki. Ta uku sai na tuna ranar sunan Sagir, da Baba ya yanka wani jan bunsuru. Na ce to, shi ke nan."

"Leda aka musanya, Malam. Wallahi ban sani ba. Ni da Humaira ne, a mota. Hancina kuma..."

"Na san ba ki sani ba. Ke da kike sa Bature wankin inji kamar mai wankan gawa."

Sagir ya sauke hannunsa, idonsa jawur. "To me ya hana ka tuƙo zuwa gaɓa? Ka kusa kashe mu! Mun hango jirgi wayam!"

"In tuƙo? Daga nan zuwa gaɓa awa guda ne da filafili. In ta same ni a zaune fa? Na ce gara ta same ni a kwance."

"Sai ka ɗaure kanka kamar ragon layya. In jirgin ya kife fa? Ka yi wa kanka makara tun da ranka."

"In ya kife ai an san inda za a same ni. Ba sai kun kwana uku kuna lalube ba."

Ya faɗa kamar wasa, amma Safara'u na kallon hannayensa. Ya ɗora su a gwiwa, suna kakkarwa. Ba irin murɗewar da ta sani ba ce, rawar tsoro ce kawai. Awa biyu yana kwance shi kaɗai a tsakiyar ruwa, yana sauraren jikinsa.

Idonta ya faɗa kan kular. Tana kife a gefensa, murfin daban, an wanke ta fes har tana ƙyalli.

"Ka zubar da sauran?"

Malam Salisu ya kawar da kai, ya kalli wajen duwatsu.

"Na yi niyya," ya ce. "Na zauna na yi tunani. Na ce in ta Allah ta kasance, aka zo aka sami kular nan da rabin abinci, wannan mai dogon hancin zai shinshina." Ya nuna Sagir da leɓe. "Kafin magariba gari ya ɗauka. Za a ce Safara'u ce. Shekara tara kina tsaye a kaina, a zo a ce ke ce. Na ce a'a, ba za a sami komai a ciki ba."

Ta sunkuyar da kai. Yanzu ne hawayen suka samu hanya.

"Sai na ɗaga kular zan juye wa kifi." Ya dubi tafin hannunsa. "Hannuna ya ƙi."

"Ya ƙi kamar yaya?" in ji Sagir.

"Ya ƙi mana. Na ce loma uku da loma talatin ai duk ɗaya ne a wurin cuta. Kuma zubar da abinci ba kyau." Ya share baki da bayan hannu. "Shekara tara, Sagir. Na manta haka yake."

"Ka cinye?"

"Har gurasar. Sannan na wanke, na kwanta."

Sagir ya daki gefen jirginsa da tafin hannu, ya tuntsire da dariya har yana tari. "La'ilaha illallahu! Mutum yana jiran mutuwa yana suɗe kwano! Matar yaya, kin ji wanda kika shigo ruwa dominsa?"

Safara'u ba ta yi dariya ba. Tsohon Doguwa bai faɗi awa nawa ba. Bai ce nan take ba, bai ce da yamma ba, bai ce bayan kwana uku ba. Cewa ya yi zai farka. Tsakaninsu da gaɓa kuma har yanzu ruwa ne.

Sagir ya ɗaura goshin kwalekwalen a bayan jirginsa, zai ja shi. Malam Salisu ya sa hannu yana neman kwance ƙullin da ke ƙugunsa.

"Bar ta," ta ce.

"Ai kun zo."

"Bar ta, Malam. Sai mun taka ƙasa."

Ya dube ta, ya janye hannunsa.

Ta saki katakon da ta riƙe tun daga gaɓa. Yatsunta sun sandare, da ƙyar suka buɗe. Ta miƙe a durƙushe, ta kama gefen kwalekwalen mijinta.

"Ke! Za ki kifar da mu!" Sagir ya yi tsawa, ya danne jiragen biyu da hannu.

Ta ɗaga ƙafa ta tsallaka. Na ɗan lokaci ruwan yana tsakanin ƙafafunta, takalmin banɗakin ya zame ya faɗa, ya yi lilo ya tafi. Ta zauna a ƙasan jirgin cikin ƙarnin karfasa, ta fuskanci mijinta, gwiwarta na taɓa tasa. Ta kamo ragowar igiyar da ke reto daga ƙugunsa, ta naɗe a hannunta sau biyu.

Injin ya tashi. Kwalekwalen ya zabura ya bi baya. Gorunan Gonar Baba suka yi ta ƙanƙancewa.

Shi yana kallon gaɓa, ita tana kallon idonsa, daga nan ta koma yatsunsa, ta sake komawa idonsa. Sun kusa Bayan Masallaci ya sunkuyo, ya rage murya don kada Sagir ya ji.

"Me kika sa a ciki ne? Akwai wani abu bayan citta."

Ta dubi hannayensa. Yatsunsa suna kwance a gwiwa, lafiya lau. Ta ƙara ɗaure igiyar a hannunta.

"Kimba ce," ta ce. "Da masoro. Kada ka saba."